Takardar Yaya a Dosiyen Ƙanwa

Jiya wani saurayi daga cikin masu shagon ordinata, wato kwamfuta, na tsallaken titi ya zo aron almakashi. Ya tsaya yana kallon tsohon mashin ɗina na buga takardu yana murmushi, sannan ya ce, "Madan Rakiya, aikin nan naku ai ba shi da wuya. A buga suna, a buga ranar haihuwa, a manna hoto, a sa cikin shemiz na kwali, an gama." Na miƙa masa almakashin ban tanka ba, don akwai iyaye zaune a benci suna jira. Amma maganar ta ƙi barina, shi ya sa na ce bari in rubuta masa abin da na sani, shi da 'yan uwansa. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina haɗa dosiye, wato takardun shiga makaranta, na 'yan lakwal a Agadas. Sha huɗu na yi a ofishin wata lakwal, sauran kuma a wannan rumfa da ke kusa da ofishin masu duba makarantu.

Dosiye na farko da na buga da hannuna, yaga shi aka yi a gabana. Malam Sidi ne ya yaga, tsohon sakataren lakwal ɗin da aka ɗauke ni aiki. Wata uku bai bar ni na taɓa mashin ba. Aikina kawai in zauna a gefensa in saurari tambayoyin da yake yi wa iyaye, ni kuwa ina cika ina batsewa, na ɗauka mugunta ce irin ta tsofaffi. Da ya yarda na hau mashin, sai ya rufe hannuwana da tsumma don kada in kalli haruffa. Ya koya mini share bakin haruffa da allura, da yadda ake juya ruban, ƙyallen da ke buga haruffa, in tawadarsa ta yi fari, da kankare kuskure da reza ba tare da an huda takarda ba. Karbon biyu ake sawa, ɗaya kopi na lakwal, ɗaya na iyaye. Ranar da na miƙa masa dosiyen nan ba kuskure ko ɗaya, ina jiran yabo, sai ya tambaye ni, "Yaron, wane irin yaro ne? Dogo ne ko gajere?" Na ce ban lura ba. Ya yaga takardar gida biyu, ya ce in je in kalli yaron tukuna, sannan in dawo in kalli takardarsa.

A wurinsa na koyi gwajin kunne. Yaro zai ɗora hannunsa na dama bisa kai ya kamo kunnensa na hagu. In ya kai, ya isa shiga lakwal. In bai kai ba, ko me takarda ta ce, a sake tambaya. Ku da kuke dariya, ku sani a lokacin rabin yaran da ake kawo mana a daji aka haife su ko a kan hanya, ba wanda ya rubuta ranar.

Zamanin da na fara, ƙofa ɗaya ce: lakwal ta unguwa. Yanzu ƙofofi sun yi yawa har iyaye na ruɗewa. Akwai ta unguwa, akwai faranko-arab mai haɗa Faransanci da Larabci, akwai makarantar koyon sana'a, ga kuma kolej ɗin zaɓaɓɓu. Wannan ta gwamnati ce, ba a biya, yara na kwana a can, akwai ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da littattafai, amma sai an ci konkur, jarrabawar gasa, ake shiga, kuma akwai iyakar shekaru. Kowane uba ita yake so, ko ta dace da ɗansa ko ba ta dace ba. Wani ma'aikacin wuta ya taso mini daga Anu Araran da ɗansa, ya ce lallai sai zaɓaɓɓu, don ɗan maƙwabcinsa na can. Na duba karnen yaron, littafin makinsa, lissafi da kyau, sauran sai a hankali. Muna cikin magana yaron ya gano abin da ya hana ƙararrawar mashin ɗina bugawa tun watan jiya, ya gyara ta da tsinken ashana. Na ce wa uban, "Alhaji, wannan hannun kada ka kai shi inda za a ɗaure shi." Ya yi fushi ya tafi, bayan kwana biyu ya dawo muka buga na koyon sana'a. Yanzu yaron ne ke ɗaura wa mutane faifan hasken rana a rufin gidaje. Rabin aikin nan tambaya ce, bugawa ita ce ƙarama.

Sai kuma shekarar da ba na son tunawa. Malamai suka shiga yajin aiki, ɗalibai suka bi, makarantu suka yi ta rufewa ana buɗewa har shekara ta lalace. Ba jarrabawa, ba konkur, ba dosiye. Wata bakwai ruban ɗina ya bushe a kan mashin. Na koma sayar da ƙanƙara da ruwan bisaf, wato zoɓo, a ƙofar gida, ni da nake taƙama da yatsu goma. Da aka buɗe makarantu a shekara ta gaba, yaran shekara biyu suka taru a kanmu lokaci guda. Layi daga rumfata har bakin titi. Na ce a raina abin da na rasa bara sai na rama shi bana. Na daina tambaya, na daina ɗaga kai, ina ta bugawa kamar mai surfe. A cikin wannan rububin na yi kuskuren da ya fi kowanne girma a aikina.

Wani mutumin unguwar Dagmanet ne, Alhusaini, mai bin ayarin gishiri. Ya zo da rawaninsa da ƙurar raƙuma, ya ce jibi za su tashi zuwa Fachi, yana son ya bar 'yarsa a lakwal kafin ya tafi. Ya miƙo takardar haihuwa a naɗe cikin leda. Sunan Fatimata, shekara takwas. Na ɗaga ido sau ɗaya na ga yarinyar: 'yar firit, haƙoran nono ko ɗaya bai faɗi ba, tana riƙe da gefen rigar uban. Zuciyata ta ce wannan ba ta kai takwas ba. Gwajin kunne ko daƙiƙa goma bai ci ba, amma ban yi ba. Mutum ashirin na bayansa suna gunaguni. Na buga, na manna hoto, na ce na gaba.

Bayan shekara shida, a tsakiyar zafi, ana saura kwana goma a rufe karɓar dosiyen konkur, sai ga Mushe Abdu (mushe muke ce wa malamin lakwal), malamin ajin ƙarshe na wata firamare a Dagmanet. Ya ajiye shemiz a tebur, ya zauna ko gaisuwar kirki bai yi ba.

"Madan, duba mini wanga. Shekara goma sha tara ina koyarwa, ban taɓa samun kai irin na yarinyar nan ba. Lissafin da nika ba su na awa ɗaya, ita kafin in goge allo ta gama. Amma sun ce ta wuce shekaru. Sha huɗu gare ta a takarda."

Yarinyar na tsaye a bayansa. Na dube ta, na dubi takardar tsohon dosiyenta, na ga bugun mashin ɗina ne, don harafin "e" nawa yana ɗan hawa sama. Na ce, "Ɗiyata, mi sunanki?"

"Fatimata."

"A gida fa, in za a aike ki?"

Ta kalli malaminta, sannan ta ce, "Mariyama."

Nan take na gane. Ba wannan ne karo na farko da na ga haka ba. In yaro ya rasu yana ƙarami kuma yana da takarda, sai a adana ta, in ƙaninsa ya taso ba shi da tasa, a ba shi ta mamacin. Ba da mugunta ake yi ba. Takarda na da wuyar samu, mutane na ganin asara ce a bar ta a ƙasan akwati. Fatimata ita ce 'yar fari, a likita aka haife ta, shi ya sa take da takarda. Ta rasu tana da shekara uku. Mariyama a gida aka haife ta, uban na hanyar Fachi, ba wanda ya je ya rubuta. Shekararta sha biyu, amma tana ɗauke da shekarun yayarta da sunanta.

Mushe Abdu ya ce a hankali wai wani ya gaya masa ana iya gyara lamba ɗaya a ordinata, ba mai ganewa. Na ce masa ana iya, amma asalin takardar na nan a rajistar magajin gari, ranar da aka haɗa su yarinyar ce za a kora, ba mai ordinata ba. Hanya ɗaya ce. A je gaban alƙali a yi jujuma biyu, wato takardar da kotu ke bayarwa in ba a rubuta abu a lokacinsa ba: ɗaya ta rasuwar Fatimata, ɗaya ta haihuwar Mariyama. Ana bukatar uba ko uwa, da shaidu biyu. Muka kira Alhusaini a waya, yana can kudu ya kai gishiri da dabino, sai damina zai dawo. Ya ce, "Abin da uwar ta ce, shi ke nan." Na yi murna, na ɗauka an gama.

Da la'asar na hau kabu-kabu na tafi Dagmanet. Uwar, Azara, na zaune tana saƙar tabarma. Ta shimfiɗa mini, ta kawo ruwa, ta saurare ni har na ƙare bayani, hannunta bai tsaya ba. Sannan ta ce, "A'a."

Na sake bayani da sauƙi, na ɗauka tsoron kotu ne. Na ce ba a ɗaure kowa, ni zan raka ta. Ta ce ba tsoro ba ne. Na ce to mene ne?

"Madan, kin san ba ni faɗin sunan Babba." Haka take kiran 'yar farin, saboda alkunya. "Tana raye ban faɗa ba, ta tahi ban faɗa ba. Gidan nan ba mai faɗinshi. Amma kowace safiya in na tahi ɗibar ruwa, ina bi ta bayan katangar lakwal. Tagar ajinsu na nan. Mushe na kiran suna. In ya zo kan nata, sai in ji an amsa. Shekara shida ina jin an amsa. Yanzu ki ce in tahi gaban mutane in ce a kashe shi?"

Na zo da shirin gardama da jahilci, sai na tarar ba shi ba ne. Tausayinta ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi. Na gaya mata gaskiya, cewa ni na buga takardar, na ga yarinyar ba ta kai ba na kau da kai. Ta ce Allah ya yafe mana duka. Da na tsaya nan da ya fi, amma ni bakina ba ya da linzami. Na ce, "Azara, ko kin je ko ba ki je ba, bana za ta bar lakwal ɗin nan. Tagar nan ta ƙare. Za ki rasa muryar, ita kuma ta rasa makarantar." Ta ajiye kabar da ke hannunta, ta ce rana ta yi sanyi, gara in kama hanya. Korata ta yi, cikin ladabi. Mariyama na bakin ƙofar ɗaki, ashe duk ta ji.

Kwana uku ba labari. Duk da haka na shirya komai, don wannan ma yana cikin sana'a: in mutum ya juyo, kada ya tarar ba ka shirya ba. Na buga takardun roƙo biyu zuwa ga alƙali, na sayi tambur, kan sarkin da ake manna musu, na nemo ungozomar da ta karɓi haihuwar, Inna Gaisha, tsohuwa mai sanda amma kanta garau. Ta ce ta tuna sarai, kwana tara bayan tashin ayari ne, shekarar da rufin ɗakinta ya rushe. Na buga wata takarda ta uku da sunana, na ce ni ce na haɗa dosiyen farko ba tare da bincike ba. Mushe Abdu na leƙowa safe da yamma, ina girgiza masa kai.

A rana ta huɗu da hantsi, ina cikin buga wa wata mata takardar sauyin makaranta, na ga Azara tsaye a bakin rumfa da mayafinta na fita unguwa. Na tashi na ba ta kujerata.

Ta ce, "Shekaranjiya na bi ta katanga. Mushe ya kira, ba a amsa ba. Ya sake kira, shiru. Har sau uku. Na ce ko ba ta da lafiya, na leƙa ta taga. Tana zaune a bencinta, ta naɗe hannu, tana kallon allo. Jiya ma haka. Yau ma haka." Ta gyara mayafi. "Ba ta ce mini komi ba a gida. Ta yi wanke-wanke, ta yi shara. Ni ma ban ce mata ba. Amma na ji abin da ya kamata in ji tun shekara goma sha ɗaya. An kira, ba kowa. Tashi mu tahi."

Alƙalin matashi ne, bai kai ɗana na biyu ba. Ya karanta takardata ta uku, ya cire tabarau ya yi mini faɗa a gaban jama'a, ya ce mai shekaru irin nawa a aiki bai kamata ta yi haka ba. Na ce gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ban ji daɗi ba, amma na ci bashin faɗan tun tuni. Inna Gaisha ta ba da shaida, wani maƙwabci da ya halarci jana'izar ya ba da tasa. Sai alƙali ya juya wajen Azara ya ce doka na son uwa ta faɗi sunan yaron da ya rasu da bakinta. Na matsa zan roƙa a bar ni in faɗa a madadinta, ta riƙe mini hannu. Sannan ta ce, "Fatimata. Ɗiyata ta fari. Shekara uku ta yi."

Sauran aiki ne na ƙafa, kuma ku masu shago ku buɗe kunne, don nan ne dosiye ke mutuwa. Jujuma ba ta isa ita kaɗai ba. Sai an kai ta ofishin magajin gari an shigar a rajista, a ciro takardar haihuwa sabuwa. Sai direktan lakwal ya gyara babban littafinsa da jan biki, wato biro, ya sa hannu da hatimi a gefen gyaran, ya ba da takardar shaida cewa yarinyar da ta yi aji shida da wancan suna ita ce wannan. Sai a sake hoto, a rubuta sabon suna a bayansa. In ɗaya ya ɓace, mai karɓar dosiye zai ga mutum biyu, ya ajiye shi gefe. Kwana biyar na rufe rumfa ina yawo tsakanin ofisoshi da takalmin roba. A shagonku na yi kopin komai, kuma na yaba, injinku ya fi karbon ɗina tsabta nesa ba kusa ba. Ni ba na gaba da ordinata. Ku riƙe ta da kyau, ku ƙara mata tambaya da ɗaga kai, za ku fi mu. Mun miƙa dosiyen ana saura kwana ɗaya a rufe.

Aka yi konkur. Ranar da aka manna sakamako a bangon ofishin masu duba makarantu, tun da safe wurin ya cika. Daga rumfata ina ganin masu tsalle da masu komawa a sanyaye. Mushe Abdu ya riga kowa zuwa, ya duba, ya zo ya tsaya kusa da ni yana ta goge gumi, ya ƙi gaya mini komai, amma bakinsa ya kasa rufuwa. Can sai ga Azara da Mariyama. Na bar mashin na bi su.

Azara ba ta karatu, ta tsaya a baya. Yarinyar ta kutsa gaba, ta ɗora yatsa a takarda ta bi layi daga sama har ƙasa. Ta koma sama ta sake bi. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta juyo idonta ya cika, ta ce, "Inna, babu."

Ni ina ganin sunan daga inda nake, layi na huɗu, yatsarta ta wuce ta kansa sau biyu. Na buɗe baki zan yi magana, Azara ta riga ni.

"Wane suna kika nema?"



Ta kama kafaɗun yarinyar ta juya ta wajen bango. "Ba shi za ki nema ba, Mariyama. Nemi naki."